Tarwaɗar Lada

A matakalar gidan ibada mai gangarawa kogin da ake kira Nan suka fara haɗuwa, ana yayyafi. Lamyai ta sayi tarwaɗa mai rai a bokiti wajen wata tsohuwa, za ta sake ta a ruwa don mahaifinta ya sami ladan. Jinyarsa ce ta dawo da ita gida daga makaranta a Bangkok. Bokitin da nauyi, matakalar da santsi.

"Kawo nan, 'yar birni," in ji wani saurayi, wandonsa na ɗigar ruwa. "Da wannan takalmin ke za a saki a kogin, ba kifin ba."

Tongbai sunansa, ɗan tsohuwar mai kifin. Ya sauke mata bokitin, ya kau da kai har ta gama addu'arta.

Daga nan duk mako sai ta zo. Ba shi da abin kashe mata, garin ma ba ya buƙatar hakan. Su hau jirgin fito su ƙetare su dawo ba tare da sun sauka ba. Su watsa wa kifin gidan ibada ɓawon burodi. Da yamma su zauna kan tsohuwar gada suna kallon tsofaffin mata na rawar motsa jiki a bakin ruwa, yana gaya mata wacce ce ba ta ga maciji da wacce. A nan kaɗai take dariya. A gida sai tari da warin magani.

Kwaɗo take ce masa, don ba ta taɓa ganinsa a bushe ba.

"Kwaɗo, Baba bai ci komai ba yau," ta rubuta masa wata rana.

"Ke kin ci? Ki leƙa ƙofa, na rataye miki gasasshiyar ayaba. Kar ki gode, ta ƙone."

Kafin tsakiyar damina mahaifin ya rasu.

Aka ajiye gawar a gidan ibada kafin ranar da za a ƙona ta bisa al'adarsu. Wichit mai kemis, wanda ya daɗe yana kai magani gidan yana ƙin karɓar kuɗi, shi ke zaune kusa da Mama Sangwan, mahaifiyar Lamyai. Tongbai kuwa yana can baya yana jera kujeru.

"Mama, kin san inda kifin bokitin su Tongbai ke fitowa?" Wichit ya ce, bai ko rage murya ba. "Taru gare shi a ƙasan kwanar kogi. Abin da mutane suka saki yau, gobe yana bokitin uwarsa."

Rabin garin sun sani. Lamyai ce ba ta sani ba, ta daɗe ba ta nan.

Ta same shi a bayan rumfa.

"Yaya Tongbai, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Har nawa?"

Ya dubi kujerar da ke hannunsa. "Ban iya bambanta naki da na mutane ba. Duk baƙaƙe ne."

"Kana tsaye a bayana ina addu'a."

"Ina tsaye."

Mama Sangwan ta iso kansu. Ba ta ɗaga murya ba. "Shi ya sa mijina bai tashi ba. Ana aika masa lada kana tarewa a hanya. Marigayin bai bar ɗa namiji da zai aske kai ya sa mayafin sufaye ya raka shi wurin ƙonawa ba. Ɗan abin da 'yarsa ta yi masa ma ka kwashe. Ajiye kujerar nan ka tafi."

Ya ajiye, ya tafi.

Lamyai ta yi karatu, ta san tarwaɗa ba ta warkar da huhu. Sanin bai rage mata komai ba. Saƙonsa ya shigo: "Ban da abin cewa. Na naɗe tarun." Ta goge.

Ranar ƙonawa, sufayen gidan ibadar suka fito a jere. A ƙarshen layin akwai sabon sufi, kansa fes, an aske masa har gira, mayafin ruwan goron yana zame masa daga kafaɗa. Shi aka ba farin zaren da ke ɗaure da akwatin gawar, ya ja gaba. Sai da ya wuce ta gaban Lamyai ta gane kunnuwan Tongbai ne.

"Wa ya sa shi?" Mama Sangwan ta tambayi dattijon da ke kula da harabar.

"Ba kowa. Ya zo ya ce wa babban sufi mamacin ba shi da ɗa."

Masu irin wannan askin da yamma suke tuɓe mayafin su koma gida. Tongbai bai tuɓe ba. Ya ce zai zauna har ƙarshen damina, ladan duka na mamacin ne. Bokitin da ke bakin matakala ya ɓace. Uwarsa ta koma sayar da furen ibada, abin da ba ya ciyar da mutum biyu, da ƙyar yake ciyar da ɗaya.

Ba waya, ba gada, ba jirgin fito. Mace ba ta taɓa sufi, ko yatsa. Abin da ya rage shi ne safiya, lokacin da sufaye ke bin titin bakin kogi ba takalmi, suna karɓar sadakar abinci. Lamyai ta yi makonni ba ta fita ba. Ranar da ta fita, ta durƙusa ta zuba masa dunƙulen shinkafa a kwano. Bai dube ta ba, haka ƙa'idar take. Ƙafafunsa ta kalla. Sun bushe, sun tsattsage.

Wichit ya zo da mota da kwandon 'ya'yan itace, ya yi maganar aure. Mama Sangwan ta zuba masa shayi.

"Ranar da ake buƙatar wanda zai aske kai kana ina?"

"Mama, wa zai riƙe shago?"

"Haka ne. Sha shayinka."

Da ya tafi ta ce wa 'yarta, "Kar ki ɗauka na yafe wa wancan."

"Ni ma ban sani ba ko na yafe."

"To don me kike dafa shinkafa da asuba?"

Washegari Lamyai ta tarar da tukunyar a kan wuta, ba ita ta ɗora ba.

Damina ta wuce, kogi ya ja baya ya bar laka. Tongbai ya tuɓe mayafi, ya sami aikin ɗaure igiya a jirgin fito. Ya zo gidan da uwarsa, suka zauna a ƙasa, tsofaffin biyu ba mai kallon 'yar'uwarta.

"'Yar birni," ya ce a hankali, "har yanzu ba ni da komai."

"Na gani, Kwaɗo. Ka rame."

"Shinkafarki ba ta da yawa."

Mama Sangwan ta dube shi sama da ƙasa. "Ban san ko ladan ya isa wurinsa ba. Ba wanda ya sani. Amma na ga wanda ya ja zaren." Ta miƙe. "Ba zan aurar da 'yata ga mutumin da ba shi da gira ba. Ku jira ta fito."

Suka jira. A watan sanyi aka yi bikin a tsakar gida, ba kiɗa saboda makoki. Suka durƙusa gefe da gefe, hannu a haɗe, manya na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zuba musu ruwan albarka. Hoton mahaifin na jingine a kan kujera.

Mama Sangwan ce ta ƙarshe. Rabin ruwan ya zube a ƙasa.

"Ku tsufa tare," ta ce. "Kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa."