Wanda Ya Biyo Igiyar Awo

Shekarar da fari ya tsananta, ma'aikatan ruwa suka haƙa rami a tsakar gidan Dogara marini, cikin Birnin Zariya, suka zura dogon bututu. Dogara har ya yanka zakara, a zatonsa famfo ya samu. Ashe na awon zurfin ruwa ne kawai. Duk mako Malam Shehu, ɗaya daga cikin ma'aikatan, yakan zo a keke, ya zura igiya mai ƙarfe a baki, sai ya ji ƙarfen ya ce ɓul, ya duba tsawon igiyar, ya girgiza kai. Rijiyar gidan kuwa guga sai laka yake kawowa.

Wata magariba, bayan tafiyar Shehu, kaji suka ƙi shiga akurki. Tsakuwa ta fara sauka a kan randa, ɗaya bayan ɗaya. Can cikin bututun aka yi tari.

Sailuba, 'yar Dogara, ta ajiye tsintsiya, ta kifa kunne a bakin bututun. Da ta ɗago, muryar wani tsoho ce a bakinta.

Aka ɗauko Malam Mika'ilu mai ruƙiyya. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa rawani.

"Kai wane ne? Me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Ƙishi, Malam. Tun kafin a gina ganuwa nake ƙarƙashin gidan nan. Ruwa ya gudu ya bar ni, na biyo igiyar mai keke. Duk gidan nan jikinta ne kaɗai da sauran danshi."

"Ina ruwan ya tafi?"

"Ni za ka tambaya? Ku da kuke awo?"

"To, fita!"

"Da ƙafa zan bi ruwan da ya gudu? Ku zuba mini ruwa in hau."

Ruwan gidan duka shi ne rabin randar da Asabe, matar Dogara, ta ɗebo tun daga rafin Kubanni. Ta rungume randar.

"Maigida, yaran fa?"

Dogara ya ɓamɓare hannunta, ya tuttule ruwan a bututu. Ba a ji saukarsa ba. Sailuba ta yi atishawa, ta buɗe ido.

"Inna, ƙishi nake ji."

Asabe ta leƙa randar, babu ko ɗigo.

Mako na zagayowa Shehu ya zo. Ya zura igiya, ya zura, har ƙarshenta ya zo hannunsa. Ƙarfen bai ce ɓul ba. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Sai dai in ƙaro igiya."