Ɓarawon Da Ya Wanke Kwalba

Sufeto mutum ne mai shegen son jin ƙwaƙwaf. Ko mai gyaran mota bai tsira daga tambayoyinsa ba. Shi ya sa da aka ce an yi sata a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, kuma abin da aka sace bai kai cikin cokali ba, har ya riga Saje shiga mota.

Wata ɗaliba suka tarar a gaban firij, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Ƙanwata, me aka ɗauke?"

"Himoglobin, Yallaɓai. Furotin ɗin da ke sa jini ja, yake ɗaukar iska. Na yanka shi biyu, na canza guntu ɗaya, na sake haɗewa, don a ga yadda sabon zai yi aiki."

"Da me kika yanka?"

"Da enzayim. Kamar almakashi yake."

"Da me kika haɗe?"

"Da shi dai."

Sufeto ya ja kujera ya zauna. "Ikon Allah! Almakashi da ɗinki?"

"A cikin ruwa yana yanka. In aka zuba masa wani irin sifirit, sai ya koma ɗinki. Amma abin da na haɗa ba ya son zafi. In ya bar sanyi, ya lalace." Muryarta ta karye. "Gobe masu jarrabawa za su zo. In babu shi, za a ce ƙarya na yi, a kore ni."

Tausayinta ya kama Sufeto. Ya duba firij, ba a ɓalle kwaɗon ba. Makulli kuwa a hannun mutum uku yake: ita, da Farfesa da ya yi tafiya, da Dakta mataimakinsa.

Can Saje ya yi kira daga wurin wanke-wanke. "Yallaɓai, ga wata 'yar kwalba mai alamar yarinyar."

An wanke ta tas, an kife ta a jerin 'yan uwanta ta bushe.

"Tunda nake aikin nan," in ji Sufeto, "ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya wanke-wanke ba."

"Mai tarbiyya ne," in ji Saje.

"Mai sabo dai. Hannunsa ne ya yi, kansa bai sani ba."

Suka sami Dakta a ofis, ya hakimce, fulas ɗin shayi a gefen gwiwarsa.

"Sufeto, kada ka wahalar da kanka. Gashina ya yi fari a kan wannan ɗinkin, bai taɓa yiwuwa ba. Yarinyar nan ta zubar da ruwan banza ne, ta zo tana ihun ɓarawo."

"Ka taɓa firij ɗin?"

"Ko kusa."

Suna cikin haka mai sayar da shayi ya leƙo, Dakta ya ce a kawo masa kofi ɗaya. Sufeto ya kalli kofin, ya kalli fulas. Kai, mai fulas cike kuma da sayen shayi?

"Ranka ya daɗe, a ɗan tsiyaya mini na fulas ɗin mana."

"Ya huce."

"Ni da ma mai sanyi nake so."

Sufeto ya miƙa hannu ya ɗauki fulas ɗin ya girgiza. Ƙanƙara ta amsa, kacau-kacau. Da ya buɗe, a tsakiyarta ga wata sabuwar kwalba, da ɗan ruwa jajir a ciki.

"Ka sauya masa kwalba don kada a ga alamarta," in ji Sufeto. "To, me ya hana ka zubarwa? Da ka huta."

Dakta ya cire tabarau. "Na kai shi bakin famfo. Baƙin ciki ya ci ni, a ce sa'ar 'yar cikina ta yi abin da ya gagare ni. Amma na kasa. Sai da na ɗiba na sa a na'ura, in gani da idona."

Saje ya fito da ankwa. Sufeto ya ɗaga masa hannu ya dakata, don shi ma abin na cin sa.

"To, ya ɗinku?"

Dakta ya dubi ɗalibar da ke tsaye a ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Ya ɗinku." Ya miƙa wa Saje hannuwansa. "'Yata, maza mai da shi firij, ƙanƙarar ta fara narkewa."