Murhun Kwali

Ogutu maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ce ta ƙona hannun wata baiwar Allah. Shi ne mai kamfanin da ya so ƙera wa mata masu suyar kifi na garin Kisumu a ƙasar Kenya sabon murhu. Kafin a yanka ƙarfe, ya tura ma'aikacinsa Owiti bakin tafki da samfurin da aka haɗa da kwali, ya jiyo yadda matan ke ganin aiki da shi zai kasance.

Owiti ya raba lemo, ya ajiye kwalin. Kowacce ta sha ta ce, "Ya yi kyau, ɗana." A nan ba a shan lemon baƙo a kushe kayansa.

Budurwa ɗaya ce ta ƙi karɓa. Apondi sunanta, tana taya mahaifiyarta gyaran kifi.

"Mai kwali, ka taɓa suya kuwa?"

"Ƙwai dai."

"Da gani." Ta jawo 'yar kujera ta zauna, ta miƙa hannu kamar mai juya kifi. Kaskon ya zo mata daidai haɓa. "A zaune muke suya. Ranar da ya goce, jikin wa mai zai zuba?"

Ya rubuta, amma hankalinsa ba a kan murhun kaɗai yake ba. Ya sa sauran matan suka zauna suka gwada. Bakinsu na yabo, gwiwar hannunsu na ture kwalin. Wannan ma ya ɗauka a waya.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Gimbiyar tafki, yau kin kashe mini murhu, kin kuma hana ni cin abinci."

Ta amsa: "Ci abincinka, mai kwali. Ka dai kai maganata inda aka aiko ka."

Ya kai. Ogutu ya karanta ya ture takardun. "Masu zuba jari labari mai daɗi suke jira. Mata talatin sun ce ya yi kyau ko ba su ce ba?"

"Sun ce, yallaɓai, amma..."

"To shi ke nan."

Owiti ya yi shiru don tsoron rasa aiki. Ba zan wanke shi ba, shirun nan ma laifi ne. Wata biyar yana zuwa zance wurin Apondi, yana kiranta hasken idona, bai taɓa faɗa mata an watsar da maganarta ba.

Aka ƙera murhun yadda yake, aka raba. A mako na uku kasko ya goce, tafasasshen mai ya wanke hannun daman mahaifiyar Apondi. Ogutu ya je asibiti da ledar ayaba, idonsa a kan Apondi, ya ce, "Mama, abin da yaron nan Owiti ya kawo mini shi na ƙera."

Tsohuwar ta ce wa 'yarta, "Wanda ya sayi bakinmu da lemo ba zai taka gidana ba."

Saƙon Apondi gajere ne: "Na faɗa maka. Ka ce ka rubuta. Kar ka ƙara kirana."

Owiti ya tura wa masu jarin hotunan gwajin, ya kai wa 'yan sanda, ya ajiye aiki. Washegari ya zo bakin tafki ya zauna a kujerar tsohuwar, ya hura tsohon murhunta. Mata na dariya: "Mai kwali, wannan wutar ta gaske ce fa!" Apondi tana miƙo masa kifi ba tare da ta kalle shi ba. Wata huɗu a haka, hannayensa duk tabon mai.

Ran nan Apondi ta ce a hankali, "Da ka faɗa mini, da na hana Mama karɓar murhun."

"Na sani, Gimbiya. Laifina ne."

Daga baya tsohuwar ta leƙa kifin da yake soyawa, ta daka tsawa: "Juya shi, sirikin banza, zai ƙone!"

Izinin auren ke nan. Danginsa suka kawo karsana ɗaya, aka ɗaura aure a ƙaramar majami'a. Tsohuwar ta ɗora musu hannun hagu ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da shirun tsoro." Na daman bai ƙara damƙar komai ba. Babu kamfanin da ya sake ɗaukar Owiti, har yau suya yake yi.

Ogutu kuwa, kotu ta rufe kamfaninsa, ta ɗaure shi shekara biyu.