Layin da Baba Magagi Ya Hana a Taɓa

Wata ranar Asabar, dab da magariba, na koma buro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya ta Filinge, don wani ɗan gyara. Ni ce mai kula da shafinsu na intanet. Mutanen Bonkuku sun yi ta kira wai shafin ya ƙi buɗewa, ga rigakafin dabbobi gobe.

Na kunna odinateri, wato kwamfuta, na shiga wurin da ake ɗaura kowane suna da adireshinsa na lambobi. Aikin ba wuya: ka rubuta suna, ka nuna masa gidansa. Sunan da ba shi da gida kuwa, layin ƙarshe yana turo shi kai tsaye buronmu.

Sau uku ina ajiye gyara, sau uku yana nuna mini jan rubutu. Sai idona ya faɗa kan wani tsohon layi mai suna rijiya, da lambobin da ban sani ba. Baba Magagi ne ya sa shi, dattijon da na gaji aikin daga hannunsa, mai shanyayyen hannun dama. Ranar da ya miƙa mini makulli ya ce kada in taɓa layin nan. Ni kuwa da takardar shaidar karatu ta Yamai a jaka, na ɗauka rikicin tsufa ne.

Na goge shi. Jan rubutu ya ɓace, shafi ya buɗe. Har na yi wa kaina kirari.

Sai na ji warin laka. Jiƙaƙƙiyar laka ta ƙasan rijiya, a watan da ko raɓa babu.

Ƙarar igiya ta biyo baya, kamar ana jan guga a kan itace. Daga ƙarƙashin siminti take fitowa.

Ƙofa ta rufe kanta. Kujerar baƙi ta tashi ta daki bango, ta tarwatse. Tsoro ya kama ni har na kasa addu'a. Na lalubi waya na kira Baba Magagi.

"Samiratu, mi kit taɓa?" Ko sallama bai jira ba.

"Baba, layin rijiya," na faɗa da raɗa.

"Buron ga bisa rijiya anka gina shi, ɗiyata. Anka cike ta, ba a nuna ma mai wurin wani gida ba. Ni na nuna mishi. Yanzu kin ɓata mishi hanya, wurinki za ya zo."

Siminti ya tsage a tsakiyar ɗaki. Baƙin ruwa ya ɓullo.

"Maishe da layin. Rubuta lambobin ga."

Yana faɗa, ina bugawa. Na danna ajiye.

Igiya ta naɗe mini ƙafar hagu, sanyi ƙalau. Aka fizge ni. Haɓata ta daki tebur, haƙori ya fita, bakina ya cika da jini.

"Baba, bai bari ba."

"Gyara ba ya kamawa nan take. Jira nawa kis sa mishi?"

"Minti biyar."

"To riƙe wani abu."

Na cafki ƙarfen taga da hannu biyu. Aka ja. Na ji idon sawuna ya yi ƙaras. Aka ɗaga ni aka buga da ƙasa, aka sake bugawa. Yatsa ɗaya ya karye, sannan na biyu.

Wani abu yana numfashi a bayan wuyana.

Daga masallacin unguwa aka fara kiran salla. Hannuna ya soma zamewa.

Sai igiya ta saki.

Na ji ta tana jan ciki, ta fita ta ƙarƙashin ƙofa, ta yi gabas. Wayar tana ƙasa, ba a kashe ba. Na ji Baba Magagi yana kalmar shahada a hankali, sannan aka katse.

Sai da aka ɗora mini ƙafa washegari na ji labari. An tsinci gawar Baba Magagi a ɗakinsa, ƙashin ƙirji a karye, tabarma jiƙe da laka. A kusurwa akwai wata tsohuwar na'ura da take aiki da hasken rana, shekara goma bai taɓa kashe ta ba. Na duba lambobinta. Su ne waɗanda ya karanta mini. Ashe ɗakinsa ne gidan da ya nuna wa mai rijiyar.

Har yau ina ɗingishi. Na'urar tana ɗakina yanzu, ni nake share mata ƙura, kuma hannuna na dama ya fara nauyi.