Jajayen Idanun Ratri

"Ki buɗe kyamarar nan, Dik."

"Ta lalace, Mas. Ai na faɗa maka."

"Tun makon jiya kike faɗa min. Hoton gwandar da kika tura wa ƙanwarki jiya fa, da me kika ɗauka?"

Ratri ta gyara riƙon wayar. Tana tsugune a bakin rijiyar bayan gida, inda surukarta, da suke kira Ibu, wato Mama, ba za ta jiyo ba. Ta cikin wayar tana jin ƙarar ƙarafa. Hutun rana ne a ma'aikatar jiragen ruwan da mijinta Galih yake walda a Japan. A al'adarsu, Mas take kiransa, wato yaya, shi kuma yana kiranta Dik, wato ƙanwa. Ko gama sabawa da juna ba su yi ba ya tafi, ga shi shekara ta biyu na neman ƙarewa.

"Akwai wani ne?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Gara na ji daga bakinki."

Sai ta danna, kyamarar ta buɗe.

Idanunta sun yi jajur kamar an watsa musu barkono. Fatarsu ta kumbura, na hagun sai rawa yake yi.

"Subhanallahi... kuka kike yi?"

"Karatu ne kawai."

"Wane irin karatu? Daga ke sai Ibu a gidan nan, yini guda bai ishe ki ba?" Ya sauke numfashi. "Dik, wannan karon ki daure ki ci jarrabawar Japanancin nan. Gidan tsofaffin da ke kusa da mu har yanzu suna neman ma'aikata. Na gaji da ganinki a waya."

"Zan ci, Mas."

Ta kashe, ta kifa kai a gwiwa.

Abin da bai sani ba, tun farkon damina mahaifiyarsa, Ibu Sumirah, ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. A gadon asibiti ta damƙe hannun Ratri da hannunta mai lafiya.

"Idan ya ji, ajiye aikin zai yi ya taho. Ki rantse min, 'yata, ba za ki faɗa masa ba."

Ratri ta rantse. Idan Galih ya kira, sai ta jingina Ibu da filo, ta lulluɓe hannun da zane, ta ce ciwon haƙori ne ya karkatar mata da baki.

Tun daga nan yininta ya zama na Ibu: wanka, kunun shinkafa cokali-cokali, juya ta, wankin zannuwa, ga suyar tempe, wainar waken suya, da take kai wa shaguna. Japananci kuwa sai bayan kowa ya kwanta, a kan ƙaramin gilashin waya, har kiran sallar farko. Da fari ƙaiƙayi ne. Daga baya ta riƙa jin kamar yashi a cikin idon, haske ya koma abokin gabarta, layi ɗaya ya riƙa rabuwa biyu.

Likitar asibitin unguwa ta haska idon, ta girgiza kai.

"Idon nan ya bushe, ya gaji. Ki ajiye waya, ki yi barci, ko na mako biyu ne."

"Likita, ranar Lahadi ce jarrabawar."

"To ki zaɓa."

Ba ta ajiye ba.

Ranar Lahadi ta bar Ibu a hannun maƙwabciyarsu, ta hau motar zuwa birnin Surabaya. A ɗakin jarrabawa fitilu fari fat, kwamfutar ma haka. Tambayoyin farko ta san su kamar sunanta. Can sai haruffan suka fara narkewa. Ta ɗiga maganin ido, ta murza, ta rufe ido ɗaya. Ruwa kawai ke zuba. Kanta ya sara.

"Ya Allah, ko rabin awa ne... ka ara min idanun nan," ta faɗa a ranta.

Lokaci ya ƙare tana kallon farin hazo. Ko rabi ba ta amsa ba.

A mota ta rufe fuska da mayafi, tana ta shirya ƙaryar da za ta yi wa Galih, amma ko ɗaya ta ƙi haɗuwa.

Da la'asar ta shiga gida, sai ta ji muryarsa daga ɗakin Ibu. Wayar maƙwabciya ce jingine da kofi a kan kujera. Ibu na zaune ba lulluɓi, shanyayyen hannun a fili bisa cinyarta.

"Ibu... me kika yi?"

"Na warware miki rantsuwar," in ji tsohuwar, maganar na fita da ƙyar. "Da asuba na ga kina laluben takalminki da hannu, alhali yana gabanki. Ɗana nake tattali, ashe 'yar mutane nake makantarwa."

Ratri ta durƙusa gaban wayar. Fuskar Galih ba ta fito mata sosai ba, amma ta ji yana jan hanci.

"Mas, ban ci ba. Na yi iya yina, wallahi na yi..."

"Ni da na ce miki akwai wani." Muryarsa ta karye. "Ki yafe min, Dik."

"Ba na son Japan, Mas. Ban taɓa so ba. Kai nake so."

"Na kira shugabanmu ɗazu, mun yi magana. Ƙarshen wata zan dawo. Walda ai ko a Surabaya ana yi."

"To ginin gidan da kake tara wa kuɗi fa?"

"Ya jira."

Ibu ta jawo kan Ratri ta ɗora a cinya. Da hannun hagu ta matse tsumma a ruwan sanyi, ta shimfiɗa mata a kan idanu. Ruwan na gangarowa har cikin kunnenta.

"Hutunka bai ƙare ba?" Ratri ta tambaya daga ƙarƙashin tsumman.

"Yau Lahadi, Dik. Ki yi barci, ba zan kashe ba."

Har aka kira magariba, daga shi har Ibu babu wanda ya tashe ta.