Fim ɗin Alhaji Dramani

A ɗakin kallo na jami'a a Manchester suka haɗu, ranar da aka nuna wani tsohon fim na Hollywood, baƙi da fari, wanda aka ciro daga littafi. Soja ne zai tafi yaƙi, budurwarsa na bin jirgin ƙasa da gudu. Uba, ɗan Kano mai karatun digiri na uku a kan fina-finai, ya ja tsakin da ya sa layi uku suka waiwayo. Cikinsu har da Mubarika, tana share hawaye.

"Malam, in ba ka so, ga ƙofa."

"Wannan shirmen kike wa kuka?"

Uba irin 'yan bokon nan ne da komai sai sun kushe. Sai dai ya iya ban haƙuri, har unguwar Longsight ya raka ta. Kafin wata shida an shaƙu.

"Rika tawa, na buɗe thesis, ke nake gani."

"Farfesa, Baba na jiranka ran Asabar. Please ka riƙe bakinka."

Mahaifinta Alhaji Dramani, direban bas da ya yi ritaya a Birmingham, dama ɗan amininsa yake wa sha'awarta. Uba ya durƙusa ya gaishe shi, yana ɗago kai sai ga fim ɗin nan a talabijin. Bakin kuwa bai riƙu ba.

"Kai Baba, ai wannan propaganda ce! Hawayen ma na ƙarya ne."

Alhaji ya kashe talabijin. "A silima a Kumasi muka fara kallonsa da uwar Mubarika. Bara ta rasu. Ka gaida gida."

Yana cikin jirgin Manchester saƙonta ya shigo: "Abin da nake wa kuka ran nan ke nan. You never asked. Baba ya ce a bar maganar."

Ranar Uba ya raina kansa. Asabar biyu yana zuwa ba a buɗe masa ƙofa. A ta uku Alhaji ya shigar da shi, ya kunna fim ɗin. Fim dai shirme ne, wannan ba musu. Amma da aka zo wajen jirgin, Uba ya ga leɓen tsohon na bin kowace kalma.

"To Farfesa, me ka gani?"

"Baba, ku nake kallo. Ku ba ni labarin Hajiya."

Alhaji ya gyara zama. Da ya fara, bai tsaya ba har La'asar. Sannan ya ce a turo magabata.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren a Birmingham. Alhaji ya riƙe hannun ango.

"Allah ya ba ku irin zaman da muka yi. Allah ya sa naku ya fi namu tsawo."