Dilan da Ke Ƙasan Akwati

A kasuwar tsofaffin kaya ta Matsue hannunsu ya haɗu a kan wani ɗan dila na yumɓu mai guntun kunne. Tatsuro malamin firamare ne, kuma gaskiya ba dilan ne ya tsayar da shi ba. Ita kuwa Chizuru shekara goma ke nan tana tara tsofaffin siffofin dilolin daji masu rikiɗa, na yumɓu da na itace, har sun cika mata ɗaki.

"Malam, sakar masa kunne, ɗaya ya rage masa," in ji ta.

Ya saki dilan, amma ya riƙe hirar. Kafin damina ta wuce, "Chizu tawa" yake kiranta.

Sai mahaifiyarsa Fumie ta ji labarin ɗakin. A ƙauyensu na Izumo, gidan da aka ce yana ajiye dilolin aljanu ba a haɗa zuri'a da shi, ko a wannan zamani. Ta ce ba da yawunta ba, ta shiga tura masa Kanako, 'yar maƙwabta. Tatsuro ya kasa zaune ya kasa tsaye. Sau uku yana zuwa ƙofar su Chizuru yana juyawa, don bai san me zai ce mata ba.

Chizuru ce ta fara turo saƙo:

"An gan ka da Kanako a jirgin ƙasa. Gobe zan kai dilolina kasuwa. In su ne tsakaninmu, na haƙura da su. In ita ce, ka faɗa min."

Ya rubuta: "Chizu tawa, Mama ce ta haɗa tafiyar. Kada ki sayar da ko ɗaya. Ke nake so, da ɗakinki duka."

Shiru, ba amsa. Takaici ya sa ya ajiye wa mahaifiyarsa wayar kusa da kwanon shinkafarta. Ta karanta. Da safe ta ce ya raka ta kasuwa.

Sun sami Chizuru ta jera dilolinta a tabarma, idanunta jawur. Fumie ta durƙusa, ta kwance wani ƙyalle, sai ga ɗan farin dila. Ta ce shekara takwas ta yi ba haihuwa, ta je wani ɗakin bauta da ke kan tudu ta aro shi a ɓoye don neman haihuwa. Ƙa'ida ita ce in buƙata ta biya a mayar da biyu. Ta haifi Tatsuro, amma tsoron bakin ƙauye ya hana ta sayen na biyu, sai ta tura wanda ta aro ƙasan akwati shekara ashirin da tara.

"Ba ke nake tsoro ba, yarinya, kada a tono nawa nake tsoro," ta ce. "Kina da ɗan'uwansa?"

Chizuru ta miƙa mata mai guntun kunnen.

Ranar ɗaurin aure su uku suka hau tudun, suka ajiye dilolin biyu gefe da gefe. Fumie ta dafa kawunan ango da amarya ta sa musu albarka, sannan ta zunguri amarya.

"Ari ɗaya, 'yata, jika nake so. Amma naki a taga za ki ajiye shi, kowa ya gani."